Ɗigo Shida a Taswira

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Rahoton shekara na ƙungiyar Burodi da Bargo ya iso yau. Tun a bakin akwatin wasiƙa na ji shi a hannuna babu nauyi. Da can sai ɗan aike ya lanƙwasa shi kafin ya shiga. Yau ya maƙale tsakanin takardar kuɗin wuta da tallan tayoyi, saura kaɗan in zuba shi a shara.

Ban karanta komai ba sai da na buɗe tsakiya, wurin taswirar duniya. Duk ƙasar da ƙungiyar ke aiki suna sa mata jan ɗigo. Na bi da yatsa na ƙirga. Shida. Bara tara ne. Na 'yata Justina yana nan a Guatemala, inda take aikin jinya a ƙaramin asibitin haihuwa kan duwatsu, shekara bakwai ke nan.

Akwai wasiƙa a ciki. Sau uku na karanta ta, domin kalmomin dogaye ne. Wai bayan gwanjon ƙarshen Mayu shugabanni za su zauna su duba wuraren da za su iya ci gaba da riƙewa.

Mijina Dik yana zaune yana ɓarar ƙwayar furen rana yana tofa ɓawon a kofi. Ya ce, "Me suka ce?"

Na ce, "Kuɗi."

Ya ce, "Kullum kuɗi suke cewa."

Na ce, "Wannan karon a takarda mara kyau suka faɗa."

Ya kamata in ji baƙin ciki. Na tsaya a kicin ina jiran ya zo. Wani abu daban ya zo, ba zan rubuta shi ba.

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Ranar ɗinki a ɗakin ƙasa na majami'a. Mu goma sha ɗaya muka zo. Da muna kaiwa talatin, har sai an ari kujeru daga ajin yara.

Sush Banman, ƙanwar Dik, ita ke riƙe da littafin bargunan da muke ɗinka wa gwanjon ƙungiya. Ta leƙo ni ta saman tabarau ta ce, "Neta, in rubuta naki bana, ko in sake barin layin fari kamar bara?"

Na ce yatsuna ne. Har yanzu ba su saki ba.

Ta ce, "Yatsun nan naki suna da zaɓe. Ranar Lahadi sun murza burodi sittin ba su yi kuka ba. Da sun ga allura sai su tuna da tsufa."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na zauna ina zura wa wasu zare a allura, aikin da ake ba makafi da baƙi.

A hanyar gida na ga agwagin daji sun fara dawowa daga kudu, layi-layi a sama. Ba wanda ke kiran su. Da kansu suke sanin gida.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da safe

Na sauka ɗakin ƙasa ɗibar dankali. Ban kalli akwatin katako ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan faspa

Justina ta kira kamar kullum, muna gama faspa, wato kofi da cukun da muke ci da yammacin Lahadi. Muryarta tana yankewa.

Na ce, "Kin ci abinci?"

Ta ce, "Mama, shekarata talatin da ɗaya. Na iya cin abinci tun ina da biyu."

Na ce, "An aiko rahoto."

Ta ce ta sani. An raba albashinsu biyu tun Janairu. Mota ba ta fita yanzu sai in mace ta kusa mutuwa, saboda mai. Da dariya take faɗa. Haka ta ba mu labarin mutanen nan masu bindiga shekara uku da suka wuce, waɗanda suka tare motar a hanya suka kwashe magani da waya, suka bar ta ta taka awa huɗu a ƙasa. Sai bayan wata biyu ta faɗa mana, tana dariya, wai takalminta ne ya fi ba ta haushi.

Na ce, "Asibitin garinmu na neman ma'aikatan jinya. Na gani a jarida. Da kaina na karanta."

Ta ce, "Madalla, karatu ya yi kyau. Ba ni Baba."

Suka yi hirar tayoyin mota minti goma. Da shi take doguwar hira.

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Na fito da gwangwanin biskit da nake ajiye rahotannin. Goma sha huɗu ne, na jera su a tebur daga na fari zuwa na bana.

Na farin shi ne littafin karatuna. A ƙauyenmu na Meziko an cire ni daga makaranta ina shekara takwas, ranar da mamata ta rasu ta bar min ƙanne biyar. Na zo nan Manitoba, na haifi yara, na aurar da uku, ban iya rubuta sunana ba. Justina ce, tana 'yar shekara goma sha bakwai, ta ɗauko wannan rahoto daga majami'a ta zaunar da ni a teburin nan. Ni ina da arba'in da bakwai. Kalmar da na fara karantawa da kaina ita ce ruwa. Ta biyu, bargo. Har yanzu ga alamar fensirinta a ƙarƙashinsu. Ita ce kuma ta ba ni littafin nan ranar da za ta tafi, ta ce in riƙa rubutu don kada hannuna ya manta.

Ni ina koyon haruffa, ita tana kallon hotuna. Ban lura ba. Takardar da ta buɗe min ido ita ta ɗauke min 'ya.

Na farin shafi arba'in ne, takarda mai sheƙi, ɗigo ashirin da uku. Shekara huɗu suna ƙaruwa har talatin da ɗaya. A wannan shekarar ne aka sa hoton sabon ginin ofis a birni, mai tagogi tun daga ƙasa har sama. Daga nan sai sauka. Ashirin da shida. Ashirin. Sha bakwai. Hotuna suka koma baƙi da fari. Aka daina sa sunayen waɗanda suka bayar, domin shafin ya fara zama rabi. Sha biyu. Tara. Shida.

Ban iya karanta shafin lissafinsu ba, lambobin sun yi min yawa. Ɗigo nake ƙirgawa. Ɗigo ba ya ƙarya.

Kowace shekara cikin ukun nan na ƙarshe, in na buɗe tsakiya, wuri ɗaya idona ke fara zuwa. Abu ɗaya nake roƙo kafin in buɗe.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da yamma

Ista. Yara uku da jikoki tara sun zo. Na sa faranti ɗaya fiye da mutane, na mayar kafin a gani. Sush ta gani.

Alhamis, 24 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Mista Loewen na ƙungiya ya zo daga birni ya yi mana bayani a majami'a. Ya rame. Rigarsa ta yi masa yawa a wuya.

Ya nuna zane a bango, layi ya hau kamar tudu ya gangaro. Ya ce wani babban tallafi da suka saba samu ya tsaya. Ya ce masu bayarwa sun tsufa, duk jana'izar da aka yi a garuruwan nan ambulan ɗaya ke nan ya daina zuwa, 'ya'yansu kuwa ba su gaji ɗabi'ar ba.

Wani daga baya ya ce, "Ginin fa?"

Ya ce ana duba wannan.

Sush ta ce, "Mista Loewen, mu nan muna haɗa tsumma da tsumma, tsohuwar rigar miji ma ba ta tsira ba. Ku can kujerunku har juyawa suke yi. Na zauna a ɗaya, sai da jiri ya kama ni."

Ya yi murmushi, ya juya ga zanen bangon. Na tausaya masa. Ba shi ya sayi kujerun ba, ina jin.

Da aka tashi ya tare ni a bakin ƙofa. Ya ce, "Misis Knelsen, bara mun yi kewar bargonki. Mutane daga nesa suke zuwa dominsa. Kin san na shekarar da ta wuce waccan shi ya riƙe motar asibitin Justina shekara guda, mai da taya da direba?"

Na ce na sani.

Na sani. Dala dubu goma sha ɗaya ya kawo. A gwanjonmu in mutum ya sayi bargo mai kyau yakan ce a mayar, a sake sayar da shi. Sau uku ake mayarwa, na huɗu ne ke tafiya da shi gida. Nawa ba a taɓa tsayawa kafin na huɗu ba.

Ya ce, "Allah ya ba yatsun lafiya."

Na ɓoye su a aljihu.

Asabar, 26 ga Afrilu, da hantsi

Na wanke labulen ɗakinta. Na sayi sabon zanen gado, shuɗi. Na kwashe keken ɗinkina daga ciki na kai falo.

Dik ya tsaya a ƙofa ya ce, "Baƙo za mu yi?"

Na ce ƙura ce ta yi yawa.

Na kama kaina ina waƙa. Mata can kan dutse za su rasa asibiti, ni ina waƙa ina shimfiɗa zane.

Talata, 29 ga Afrilu, da rana

Ban je ɗinki ba. Na ce kai ke ciwo. Yanzu ƙaryar ta hau daga yatsu zuwa kai.

Lahadi, 4 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Ta kira.

Na ce mata ɗakinta a shirye yake, in ya zama an rufe. Na ce ba sai ta nemi haya ba. Na ce zanen shuɗi ne.

Ta ce, "Mama." Na san wannan muryar, tun tana ƙarama in ta fasa kofi.

Ta ce, "In sun rufe, ba zan taho ba. Na yi magana da Doña Eulalia, ungozomar garin. Za ta ba ni ɗaki a gidanta. Mata arba'in da biyu ke da ciki a hannunmu yanzu. Cikinsu bai karanta rahoton shekara ba."

Na ce, "Wa zai biya ki?"

"Za su ba ni masara da ƙwai."

"Mota fa?"

"Ta ƙungiya ce."

"In kin yi rashin lafiya wa zai ɗauko ki? In mutanen nan sun sake tare hanya, wa zai kira waye?"

Ta ce, "Babu kowa, Mama. Shi ne ma'anar rufewa."

Ban san me na ce bayan nan ba. Dik ya karɓi wayar daga hannuna.

Litinin, 5 ga Mayu, da safe

Babu mota. Babu direba. Babu ofishin da zai san ta ɓace.

Litinin ɗin dai, da rana

Ni na ɗauka ƙungiyar ce igiyar da ta ɗaure ta can. Ashe ita ce igiyar da ke riƙe da ita kada ta faɗa.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya

Na ƙona miyar kabeji. Na tsaya a gabanta ina kallo tana ƙonewa.

Na gwada addu'a. Na durƙusa a gefen gado kamar yadda aka koya mana, na ce Ubangiji, sai bakina ya tsaya. Me zan ce? Ka manta da abin da na ce shekara uku? Ba ya mantuwa. Ya ji ni sarai. Abin da na roƙa ya fara ba ni, ɗigo bayan ɗigo, ƙasashen da ban san sunansu ba suka riƙa faɗuwa a hanyar zuwa nata. Mutane nawa ke cikin ɗigo ɗaya?

Babu mota.

Juma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Na sauka ɗakin ƙasa. Na sauke buhunan dankali daga kan akwatin katakon da muka zo da shi daga Meziko. Ina durƙushe a gabansa, murfin a buɗe, sai na ji takun Dik a matakala, ɗaya-ɗaya saboda ƙugunsa.

Ya tsaya ya kalli ciki. Barguna biyu ne, kowane a naɗe cikin farin zane. Na bara mai zanen agwagin daji. Na bana mai zanen gida da taga rawaya, na gama shi tun Fabrairu.

Ya ce, "Ki ɗaga na ƙasan, kada danshi ya kama shi. Na sa masa katako a ƙarƙashi tun kaka."

Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Neta, wa ke ɗauko dankali in gwiwarki ta ƙi? Kuma mace mai ciwon yatsa ba ta sa ni in sayo zare ƙulli goma sha biyu."

Na ce, "Me ya hana ka magana?"

Ya zauna a kan buhu. Ya ce, "Ni ma ina son ta dawo."

Shekara arba'in da ɗaya da aurenmu, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Muka zauna a ƙasa cikin warin dankali kamar ɓarayi biyu da suka haɗu a rumbu ɗaya.

Can ya ce, "Amma kada ki ɗauki kanki da girma. Ƙungiya mai gini a birni ba bargon tsohuwa ke riƙe da ita ba."

Na ce, "Mota ɗaya fa?"

Ya miƙe, ya mayar da murfin akwatin.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Na kai su majami'a tun kafin sauran mata su zo. Sush kaɗai ce, tana haɗa kofi. Na shimfiɗa su a kan tebur.

Ta zagaya su sau biyu. Ta juya gefe ta duba bayan ɗinkin, ta ƙirga da farce. Ta ce, "Ɗinki goma sha biyu a inci. Kai, ciwon yatsan nan ya yi albarka. Ki shafa min shi."

Na ce, "Sush, ki zage ni kawai mu huta."

Ta ce, "Bara na tsaya a gaban mutane ɗari huɗu na ce matar yayana ba ta da lafiya, a sa ta a addu'a. Mai wa'azi ya ambaci yatsunki daga kan mumbari, ɗaya bayan ɗaya kamar annabawa."

Na ce, "Na san na yi laifi."

Ta cire tabarau ta goge da gefen ɗankwali. Ta ce, "Da Henrik ɗina zai dawo in na ƙona duk bargunan Manitoba, da na nemi ashana." Henrik ɗanta ne da tirela ta kife da shi shekara tara da suka wuce. Ba ta taɓa kiran sunansa a gabana ba tun ranar jana'iza.

Ta buɗe littafi ta rubuta layi biyu. Ta ce, "In an tambaya, zan ce addu'a ta karɓu. Ba ƙarya na yi ba."

Ba ta san nauyin abin da ta faɗa ba.

Asabar, 17 ga Mayu, da safe

Saura mako ɗaya gwanjo. Na kira duk wanda na sani yana da gona fiye da kadada dubu, ya zo ya taya. Ni da nake jin kunyar tambayar farashin ƙwai.

Lahadi, 18 ga Mayu, da yamma

Ba ta kira ba. Dik ya ce ruwan sama ne, yakan katse musu waya. Na zauna kusa da wayar har kofi ya huce sau uku.

Litinin, 19 ga Mayu, da rana

Saƙo ya shigo. Lafiya lau, haihuwar tagwaye ce ta riƙe ta. Haka zai zama ke nan kowane mako, sai dai babu Mista Loewen da zan kira in shirun ya yi tsawo.

Asabar, 24 ga Mayu, ƙarfe bakwai na yamma

Gwanjo. A filin wasan ƙanƙara aka yi kamar kullum, an narkar da ƙanƙarar an jera kujeru. Ƙamshin tsiran alade da soyayyen fulawa ya cika ko'ina. Mutane ba su kai na da ba, layuka huɗu na baya babu kowa. Kai fari ya fi yawa.

Jake Hildebrand ne mai kiran farashi, harshensa kamar keken ɗinki. Da aka ɗaga mai agwagin ya ce, "Jama'a, ga wanda ya yi shekara guda yana jinya. Ku dube shi, ya warke sarai. Wa zai fara?"

Dubu biyu da ɗari biyar, wani mai kiwon kaji ya saya. Ya ɗaga hannu ya ce, "A mayar." Aka tafa. Aka sake. Aka mayar. Na uku ma aka mayar. Na huɗu wata mata daga birni ta tafi da shi. Ni ina tsaye a bayan teburin burodi, na matse guda ɗaya a hannuna har ya zama ƙullu.

Aka ɗaga mai zanen gida da taga rawaya. Sau uku aka saya aka mayar. A na huɗu taya ta yi sanyi a dubu ɗaya da ɗari takwas. Jake ya roƙa, ya yi barkwanci, shiru. Sai na ga hula ta tashi a layi na uku. Hular Dik.

A wurinmu mijin mai ɗinki ba ya taya. Abin kunya ne, kamar mutum ya yabi miyar gidansa a gaban baƙi. Dik kuwa ko kaza bai taɓa tayawa ba a rayuwarsa.

Jake ya ce, "Dik Knelsen, shekara arba'in kana lulluɓa da su kyauta, yau kuma biya za ka yi? Me ka yi mata?"

Dik ya ce, "Kira farashinka, Jake, bakinka ya fi aikinka."

Mutane suka ga abin dariya ne, suka shiga ja da shi don su ga inda zai tsaya. Bai tsaya ba. Dubu huɗu da ɗari biyu. Kuɗin rufin gidanmu ke nan da muke tarawa, da ɗan ƙari.

Sush ta raɗa min, "Bana in ruwa ya zubo muku, sai ku shiga cikin gidan bargon."

Biyun sun kawo dubu goma sha tara. Ba a taɓa yi ba. Mista Loewen ya riƙe hannuna da nasa biyu ya yi godiya. Idonsa yana kan kafaɗata, bai kalli fuskata ba.

Talata, 27 ga Mayu, da safe

Yau shugabannin ƙungiya suke zama.

Laraba, 28 ga Mayu, da rana

Shiru. Na shuka wake, na tone, na sake shukawa a layi mafi kyau.

Alhamis, 29 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Mista Loewen da kansa ya kira, ya ce bai so in gani a takarda ba.

Wurare uku za su riƙe. Nata ba ya ciki. Ƙarshen Yuni za a rufe. Motar za a sayar a sallami ma'aikata da kuɗin.

Na ce, "Dubu goma sha taran fa?"

Ya ce sun shiga babbar tukunya, kuma za su yi amfani a sauran wuraren. Ya ce, "Misis Knelsen, gaskiya zan faɗa miki. Ramin ya fi shekara takwas ana haƙa shi. Ko bargo hamsin kika kawo, bara da bana, da haka za a yi."

Don ya sanyaya min rai ya faɗa. Na gode masa.

Dik ya ce, "Kin ji ko? Ba bargon ba ne."

To in ba bargon ba ne, roƙon ne.

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan faspa

Na faɗa mata duka. Akwatin, dankalin, yatsun, da abin da nake cewa kowace shekara kafin in buɗe taswira. Na rubuta a takarda tun safe don kada in tsallake wani, na karanta mata kamar ɗalibar aji ɗaya.



Ta ce, "Mama, kina ganin Allah daga kicin ɗinki yake karɓar umarni?"

Na ce, "Ban sani ba. Ya yi abin da na ce."

Ta ce, "Bai yi ba. Ga ni nan ban dawo ba." Ta yi dariyar nan tata, amma ta karye a tsakiya. Na ji tana jan hanci. Ta ce, "Da na so ki faɗa min tsoro kike ji, maimakon ki riƙa karanta min tallan aiki."

Na ce, "Tsoro nake ji."

Ta ce, "Ni ma. Kullum."

Ban taɓa sani ba. Shekara bakwai na ɗauka ni kaɗai ke ɗauke da shi.

Na ce, "Yaya za ki kai mace asibitin birni?"

Ta ce ɗan Doña Eulalia yana da alfadari, akwai kuma motar kasuwa ranar Laraba da Asabar. Ta ce, "Gidan nata babu murhu a ɗakina, sanyin dutse kuwa ya fi na Manitoba rashin kunya. Wannan da Baba ya sayar da rufin gida dominsa, wa ke lulluɓa da shi?"

Na ce ba kowa.

Ta ce, "To."

Talata, 3 ga Yuni, ƙarfe sha ɗaya na safe

Mun naɗe bargon a leda biyu, muka sa a kwali. Ni na rubuta adireshin, harafi-harafi, layi biyar, ban yi kuskure ba. Matar gidan waya ta ce zai yi mako shida, in ya isa.

Kafin mu fita Dik ya cire hula ya ce mu yi addu'a a kan kwalin. Na ce shi ya yi. Ya yi gajeruwa irin tasa. Ni amin kawai na ce. Ban yarda da bakina ba tukuna.

Da muka dawo na mayar da keken ɗinki ɗakinta. Na bar zanen shuɗin a gadon.

Na ɗauko rahoton bana na buɗe tsakiya. Na baɗi zai zo da ɗigo uku, in ya zo. Na zura jan zare a allura, na soka a kan nata, na fito ta baya, na sake sokawa, na ɗaure ƙulli biyu. Takardar ba ta da ƙwari, ta ɗan yage a gefe. Zaren ya riƙe.